Na'ura da Tsarin Jami'a a Nijar: Abin da Tarihin Agye, Gazawa da Gidan Rumji Ke Nunawa

1. Gabatarwa

Gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji, a cikin jahar Maraɗi, ƙasar manoma ce mai yawan jama'a. A ƙidayar 2012 jimillar mutanensu ta haura 900,000, fiye da rabi a Gidan Rumji kaɗai, kuma Hausa ce harshen gida da na gona da na kasuwa ga mafi yawansu. Agye ta fita daga Tasawa a 1972, Gazawa kuma ta fita daga Agye a 2011. A Gidan Rumji ne garin Tibiri yake, watau mazaunin sarautar Gobir. Babu jami'a ko ɗaya a cikin gundumomin nan uku, amma da wuya a sami wani yanki na karkarar Nijar da masana suka taka kamar yadda suka taka wannan. Sun auna ƙasarsa, sun ƙidaya itatuwansa, sun naɗi muryoyin dattawansa, sa'an nan suka koma birni suka rubuta abin da suka gano cikin Faransanci.

Wannan maƙala tana bin sawun na'urorin da suka shiga aikin ilmi mai zurfi a Nijar, daga rakoda da keken rubutu har zuwa kwamfuta da wayar hannu, domin a ga yadda kowacce ta sake rabon aiki a cikin jami'a, da kuma yadda rabon ya shafi harshen da ake ajiye ilmi da shi. Tambayar ta shafi masu tsara yaƙi da jahilci kai tsaye, sabili da babban mutum da ya koyi karatu da Hausa yana bukatar abin da zai karanta, kuma abin da ya fi kusa da rayuwarsa shi ne binciken da aka yi a gonarsa.

2. Kafin jami'a: rediyo da talabijin da rakoda

Nijar ta sami mulkin kai a 1960 ba ta da jami'a. Ƴan makarantar da suka ci bakaloriya sai su tafi Dakar ko Abijan ko Faransa. Amma a wannan lokacin ne ƙasar ta yi suna wajen gwada sababbin na'urori a harkar koyarwa. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda malami zai tara mutanen gari su saurari shiri, su yi muhawara, ya naɗi maganarsu a rakoda ya aika Yamai. A 1963 aka buɗe ma'aikatar yaƙi da jahilci, wadda aikinta ya haɗu da na ƙungiyar bashi da gama-kai ta UNCC a kasuwannin gyaɗa, don manomi ya iya duba sikeli da kansa, ya kuma rubuta abin da aka auna masa. A 1964 kuma aka soma talabijin ɗin makaranta a Yamai da taimakon Faransa, aka faɗaɗa shi a 1966 zuwa ajujuwa wajen 20 a kewayen birnin.

Gwaje-gwajen nan uku sun raba harsuna tun daga tushe. Rediyo da yaƙi da jahilci sun yi aiki da harsunan ƙasa, talabijin ɗin makaranta kuwa da Faransanci kaɗai ya yi magana, ko da yake akwatin ba ruwansa da harshen da aka zuba masa. Masu tsara shirin ne suka zaɓa, bisa ga jarrabawar da yaran za su fuskanta da kuma ƙwararrun da aka kawo. Wannan darasi ya sake maimaituwa sau da yawa daga baya: na'ura takan bi tsarin ma'aikatar da ta saye ta.

A fannin rubutu, taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 shi ne ya ba Nijar ƙa'idar da ta fara aiki da ita. An riƙa ninka wasali mai tsawo, kamar yadda ake gani a sunayen jaridun karkara na lokacin, Gangaa da Saabon Ra'ayii ta Madawa. A 1968 aka kafa cibiyar tattara adabin baka a Yamai, wadda ta koma ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974 da sunan CELHTO. Ita da cibiyar binciken ilmin ɗan Adam, IRSH, wadda asalinta reshen IFAN ne na 1944, su ne suka mai da rakoda kayan aikin bincike. Da zuwan rakoda aka sami sababbin ma'aikata: mai naɗa, mai kwafe magana daga faifai zuwa takarda, da mai fassara. Galibinsu ƴan ƙasa ne masu ƙaramar takardar shaida, kuma a hannunsu Hausar binciken take tsayawa. Abin da ke hawa zuwa teburin masani fassarar ce.

3. Jami'ar keken rubutu da roneyo

A watan Satumba na 1971 aka kafa Cibiyar Ilmi Mai Zurfi a Yamai, a 1973 ta zama Jami'ar Yamai. Shugabanta na farko shi ne Bubakar Ba, masanin lissafi. A 1979 Abdu Mumuni ya gaje shi, masanin kimiyyar hasken rana, haifaffen Tasawa a 1929, wanda tun 1964 ya wallafa littafi a kan ilmi a Afirka inda ya nemi a koyar da yara da harsunansu. Sunansa aka sa wa jami'ar a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. Da farko an tsara jami'ar makaranta-makaranta, ta kimiyya da ta adabi da ta koyarwa da ta lafiya da ta aikin gona, sai a tsakiyar shekarun 1980 aka mai da su tsangayoyi irin na Faransa. Hawan matakin malamai kuwa yana hannun majalisar CAMES, wadda shugabannin ƙasashe masu aiki da Faransanci suka yanke shawarar kafawa a Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu.

Kayan aikin wannan jami'a guda biyu ne, keken rubutu da injin roneyo. Malami ya rubuta darasinsa da hannu, sakatare ya buga shi a kan takardar kakin nan ta sitansil, mai kula da inji ya ɗaura ta ya juya, kwafe su fito. Ɗalibin da ya gama kundinsa na ƙarshen karatu sai ya nemi mai buga masa, a fitar da ƴan kwafe kaɗan, ɗaya ga ɗakin karatu, sauran ga alƙalan jarrabawa. Saboda haka ofishin sakatarori ya zama mashigar da kowane rubutu zai bi, kuma abin da keken ba ya iya bugawa yakan sha wuya kafin ya wuce.

Keken da ake sayowa daga Faransa yana da wasulan Faransanci da alamominsu, amma ba shi da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Mai buga Hausa yana da hanya uku: ya buga b da d da k da y sa'an nan ya bi su da alƙalami yana lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya, ko ya sa musu ɗigo ko waƙafi, ko ya bar su haka nan mai karatu ya cika da kansa. A kan sitansil hanya ta farko aiki ce mai cin lokaci, kuskure kaɗan takardar ta yage. Ma'aikatu ƙalilan, irin su CELHTO da ma'aikatar yaƙi da jahilci da cibiyar INDRAP da aka kafa a 1974, su ne suka damu da neman kekunan da aka sake wa haruffa. Ke nan tun a wannan zamani rubutun Hausa ya zama aikin ofisoshi na musamman, a gefen jami'a.

Duk da haka shekarun nan sun yi albarka ga harshen. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. A 1978 UNESCO ta tara masana a Yamai suka tsara jerin haruffa na bai-ɗaya don harsunan Afirka. A watan Janairu na 1980 kuma masanan Nijar da na Nijeriya suka zauna a Yamai don daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, aka bar ninka wasali a rubutun yau da kullum, rubutun ƙasashen biyu ya kusanci juna ƙwarai. Bambancin da ya rage a fili shi ne ƴ a Nijar da 'y a Nijeriya. A can ƙetaren iyaka tafiyar ta ɗauki wata hanya dabam: an kafa cibiyar nazarin harsunan Nijeriya a Kano a 1969, kuma sassan Hausa na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato sun kai ga karɓar kundin digiri da aka rubuta da Hausa. Abin da ya raba ƙasashen biyu a nan shi ne, a can an ba harshen sashe da kujerun malamai da kasafin kuɗi a cikin jami'a.

A daidai wannan lokaci ne yankin Maraɗi ya cika da masu bincike. Fari na 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, ya jawo hankalin masu ba da taimako. An kafa cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, a 1975, ta gaji tsohuwar tashar Tarna a bakin Maraɗi. Babban shirin raya karkara na Maraɗi ya kankama da kuɗin Bankin Duniya, masana na Jami'ar Bordo ta Faransa a ƙarƙashin Claude Raynaut suka yi shekaru suna nazarin ƙasa da gandu da rabon gonaki. Duk wanda ya karanta rahotanninsu zai ga kalmomin manoma a tsaye cikin Faransanci ba a fassara su ba: jigawa, geza, fadama, gandu, gamana. Dalili kuwa shi ne rabon da manomi ya yi wa ƙasa ya fi dacewa da wurin bisa ga wanda aka koya a makaranta. Hatta sunayen irin da Tarna ta fitar sun riƙe asalinsu, alal misali geron Zatib, wanda aka haɗa sunansa daga Zamfarwa da Cinin Bijini. An ari kalmomin, amma rahoton bai komo ƙauye da harshen da aka are su ba.

4. Shekarun tsanani da shigowar kwamfuta

Kuɗin yuraniyom ya ja baya a farkon shekarun 1980, gwamnati ta shiga shirin tsuke bakin aljihu, jami'a ta ji a jikinta. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai, aka kashe uku bisa ga ƙidayar hukuma. Taron ƙasa na 1991 ya biyo baya, sa'an nan aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, farashin littafi da takarda da kayan inji ya yi tsalle. An yi shekarun da karatu bai kammala ba, albashi da alawus suka riƙa makara. A cikin wannan hali ne malamai suka sami ikon zaɓen shugaban jami'a da kansu, ikon da doka ta mayar hannun gwamnati a 2019 bayan doguwar takaddama da ƙungiyar malaman.

Kwamfuta ta shigo a wannan zamani na rashi, kuma ba ta ƙofar kasafin jami'a ta shigo ba. Ayyukan haɗin gwiwa da ƙasashen waje ne suka kawo ta, kowane aiki da na'urarsa a ɗakinsa. Wannan ya sake tsarin iko a cikin gida: malamin da ke da aikin waje yana da kwamfuta da mota da kuɗin fita daji, wanda ba shi da shi kuma sai alli. Fannonin gona da ruwa da muhalli, waɗanda masu ba da taimako ke so, suka yi gaba, nazarin harsuna ya tsaya a baya. Ofishin sakatarori ya soma raguwa, sabili da malami ya koyi buga rubutunsa da kansa, shagunan buga takardu da na kwafe suka buɗe a bakin jami'a. Intanet ta iso Nijar a wajen 1996 zuwa 1997, a Yamai tukuna, kuma a 1997 Bankin Duniya ya ƙaddamar da jami'ar Afirka ta koyarwa daga nesa, wadda darussanta na Turanci da Faransanci ne.

Ga rubutun Hausa, kwamfuta ta warware matsala guda ta haifar da wata. Kowace ma'aikata ta ƙera wa kanta zubin haruffa, ta ɗora ƙ a gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba. A na'urar da aka yi rubutun komai daidai ne, amma da an kai faifan wata na'ura sai haruffa masu lanƙwasa su rikiɗe su zama alamomin banza. Littattafan yaƙi da jahilci da yawa na shekarun 1990 a irin wannan zubi aka buga su, kuma wanda ke son sake buga su yau sai ya bi su kalma-kalma. Abin mamaki shi ne maganin yana nan tun 1991, lokacin da aka fitar da tsarin Unicode, wanda ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowanne lambarsa tabbatacciya. Amma an ɗauki shekaru fiye da goma kafin na'urorin ofisoshi su iya nuna su ba wahala, kuma allon bugawa na Faransanci bai taɓa ba su gurbi ba. Doka kuwa ta yi nata: dokar tsarin ilmi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa, ƙudurin minista na Oktoba 1999 ya tsai da ƙa'idar rubutun Hausa, dokar 2001 kuma ta lissafa harsunan ƙasa guda goma.

5. Agye: lokacin da manomi ya shiga cikin bincike

Bayan farin 1984, manoman yankin Maraɗi suka soma barin tohon itatuwa a gonakinsu. Maimakon a sassabe komai a ƙone kamar da, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututturen sabara ko kalgo ko taramniya, a datse sauran, a kare gawo da aduwa. Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM ya yaɗa wannan dabara daga 1983, manoma suka raɗa mata suna sassaben zamani. A Agye, ayyukan raya karkara da asusun FIDA ya ɗauki nauyinsu tun shekarun 1990, musamman wanda ake kira PPILDA daga 2005, sun ɗora aikinsu a kan dabarun da manoma suka ƙirƙiro. Garin Ɗan Saga ya yi suna da kwamitocin tsaron itatuwa, inda maza da mata, manoma da makiyaya, suka shimfiɗa wa kansu dokokin sara da tara.

Abin lura ga tarihin jami'a shi ne yadda aka tsara binciken. Ɗaliban tsangayar aikin gona ta Jami'ar Abdu Mumuni sun riƙa zuwa su zauna a ƙauyuka watanni, batun kundinsu ya fito daga tambayar da manoma suka yi, kuma a ƙarshe a tara gari a bayyana sakamako da baki, da Hausa. Wannan sauyi ne na gaske, domin manomi ya tashi daga matsayin wanda ake yi wa tambaya ya zama abokin shawara. Sai dai bayanin bakin yakan ƙare da watsewar taro. Kundin da ya rage a ɗakin karatu na Faransanci ne, domin shi alƙalai ke dubawa.

Girman abin da manoman suka yi kuwa na'ura ce ta bayyana shi ga duniya. A tsakiyar shekarun 2000 masana irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam, suka bi su da ƙidaya a ƙasa, suka kiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan eka ta Faransa miliyan 5 a jahohin Maraɗi da Damagaram. Labarin ya zagaya duniya da Turanci da Faransanci. Mai karatun Hausa na Ɗan Saga ko Cadawa ko Gangara, wanda da addarsa aka yi aikin, ba shi da wani littafi mai zurfi da ke ba da wannan tarihi da harshensa.

6. Jami'a ta iso Maraɗi

A 2008 aka buɗe cibiyoyin fasaha na jami'a a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2010 aka mai da su jami'o'i masu cin gashin kansu, a 2014 kuma aka ƙara huɗu a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. An raba wa ukun farko fannoni: shari'a da tattalin arziki a Tawa, adabi da ilmin ɗan Adam a Damagaram, kimiyya da aikin gona da injiniyanci a Maraɗi, daga baya aka ƙara mata fannin lafiya. An sa mata sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, masanin kimiyyar sinadarai ɗan Maraɗi, wanda ya riƙe ma'aikatar ilmi a ƙarshen mulkin Jori Hamani, ya kuma shugabanci hukumar ACCT ta ƙasashe masu Faransanci daga 1974 zuwa 1982. Ɗan Tibiri ko Gazawa da a da zai yi tafiyar kilomita fiye da 600 zuwa Yamai, yanzu jami'a tana kusa da gida. A 2013 kuma aka buɗe jami'a mai zaman kanta ta Maryam Abacha a Maraɗi, mai koyarwa da Turanci. Garin da kusan kowa ke jin Hausa ya sami jami'o'i masu harsunan Turai biyu.

Sababbin jami'o'in sun tashi ne a kan tsarin LMD, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar Bolonya ta 1999, ƙungiyar UEMOA ta wajabta shi a 2007, Nijar ta zartar da shi a 2010. A tsohon tsari ɗalibi yakan ci shekara ko ya faɗi shekara. A sabon kuwa an raba shekara zango biyu, kowane zango maki 30, lisansi shekara uku maki 180, masta shekara biyu maki 120, sa'an nan dokta. Ɗalibi yana iya wucewa gaba yana ɗauke da bashin wani darasi na baya. Irin wannan lissafi, ga dubban ɗalibai, ya fi ƙarfin rijistar hannu, don haka ofishin rajista da masanin kwamfuta suka zama ginshiƙin jami'a kamar yadda sakatarori suka kasance a da. Kazalika tsarin ya ɗauka cewa wani babban kaso na karatu ɗalibi zai yi shi shi kaɗai, a ɗakin karatu ko a intanet, alhali wuta da layi da littattafai ba su wadata ba. Majalisar CAMES ita ma ta mai da karɓar takardun malamai ta intanet a shekarun 2010, abin da ya sauƙaƙa aikin ya kuma ƙara wa mujallun da ake iya ƙidayawa a na'ura daraja. Malamin da ya kwashe wata uku yana rubuta jagorar manoma da Hausa ya san ba ita za ta ɗaga shi zuwa mataki na gaba ba.

Amfanin kusancin ya bayyana a gona. Masanan jami'ar Maraɗi da na INRAN, cikinsu har da Ibrahim Baoua, sun yi aiki a kan buhun PICS mai ninki uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa daga 2007, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Sun kuma yi aiki a kan murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar gero, ta hanyar kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ke kashe ta, a zuba shi cikin ƴan buhunan algarara a rataye a ƙauyuka. Dukan dabarun nan biyu sai an bayyana su da Hausa kafin su yi aiki, kuma kowane malamin gona yakan ƙirƙiro nasa kalmomi a wurin. An ba Maraɗi ilmin gona, an kai nazarin harshe Damagaram da Yamai, ba a ɗora wa kowa alhakin haɗa su ba.

7. Wayar hannu: magana ta dawo, ajiya ta ɓace

Wayar hannu ta bazu a Nijar daga 2001. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar harafi 160, amma da an sa ƙ guda ɗaya a ciki sai ya koma 70, watau rubutun Hausa na ƙa'ida ya ninka kuɗinsa. Mutane suka saba da barin lanƙwasa, kara da ƙara suka zama ɗaya, haka kasa da ƙasa, da fada da faɗa. Wayoyin zamani sun gyara wannan, manhajar fassara ta Google ma ta ƙara Hausa a 2013, amma sabo ya riga ya kafu. Da WhatsApp ta zo, sai saƙon murya ya rinjayi rubutu: manomi ya ɗauki hoton ganyen da ya lalace, ya aika da bayani da bakinsa, masani ya amsa masa da Hausa. Lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ta wannan hanya malamai da yawa suka riƙa aika darasi.

Ba a taɓa yin zamanin da masani da manomi suka yi magana da Hausa a kan kimiyya kamar wannan ba. Amma faifan rakoda na 1970 yana da lamba da ɗakin ajiya da mai kwafe shi, saƙon murya kuwa yakan tafi tare da wayar da ta lalace. Kalmomin da ake ƙirƙira kullum ba wanda ke tattara su, balle ya tace su.

8. Kammalawa

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Tarihin da aka bi a sama ya nuna iyakar abin da doka da na'ura ke iya yi su kaɗai. Haruffa sun samu tun 1991, ƙa'ida ta tsaya tun 1999, amma kundin ɗalibi bai sake harshe ba, domin abin da ke tafiyar da jami'a shi ne gurbin aiki da kasafi da sharuɗɗan ƙarin girma. Kowace na'ura ta kawo ma'aikacinta, daga mai kwafe faifai zuwa sakatare zuwa masanin kwamfuta, kuma har yau ba a buɗe wa mai kula da kalmomin kimiyya na Hausa kujera a tsangayar gona ko ta lafiya ba.

Saboda haka akwai matakai da ya kamata masu tsarawa su duba. Na farko, duk kundin da aka yi bincikensa a ƙasar Hausa ya ƙunshi taƙaitawa ta shafi biyu ko uku da Hausa ta ƙa'ida, a ba ta maki, a kuma miƙa ta ga cibiyoyin yaƙi da jahilci na gundumar da aka yi aikin. Na biyu, a kafa ƙaramin ofishin kalmomi a jami'ar Maraɗi, mai haɗa masanin harshe da masanin gona da manoma, ya ɗora a kan ƙamus ɗin Abdu Mijinguini da aikin INDRAP da na jami'o'in Nijeriya, don kada a sake ƙirƙirar abin da ke akwai. Na uku, a kwafe tsofaffin faya-fayai da jaridun karkara da littattafan shekarun 1990 zuwa tsarin Unicode tun ba su lalace ba. Na huɗu, Nijar ta nemi a riƙa lissafa rubutun kimiyya da harsunan ƙasa cikin takardun ƙarin girma na malamai. Na ƙarshen nan shi ne mai wuya, sabili da ya shafi ƙasashe da yawa, amma in ba a taɓa shi ba sauran ukun za su dogara ne ga sadaukarwar mutane ƙalilan, kamar yadda rubutun Hausa ya dogara ga masu lanƙwasa haruffa da alƙalami a zamanin roneyo.